Jinin Rago a Kwalaben Muntasir

A tashar jirgin ƙasa ta Sri Petaling, can ƙasar waje, wani dattijo ya ji Muntasir yana mita da Hausa, ya matso.

"Ashe ɗan gida ne. Sunana Datti. Me ke cikin kwalaben nan?"

"Ruwan kwata, Baba, a kansa nake bincike. Wata shida awona yana nuna jini a magudanar ruwan sama ta unguwar nan. Farfesa ya ce ƙirƙira na yi. Ran Litinin zai yanke, ko in ci gaba ko in koma gida."

"Wace ƙirƙira? Ni nake yanka wa mutanenmu ragon suna, a can nake wanke hanji. Kwata ai kwata ce."

"A Kano ke nan. A nan ruwan banɗaki kaɗai ake tacewa. Waccan magudanar kogi take bi ta faɗa teku, gansakuka ta ƙoshi, kifi ya mutu." Muntasir ya riƙo hannun rigar Datti. "Don Allah zo ka maimaita wa farfesa."

"Ni da nake zaune a nan da bizar ɗalibi? Ko kaza ba ni da izinin yankawa."

Jirgi ya iso. Muntasir ya shiga, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiransa. Datti ya duƙa yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya.