Takalman Maigida

A tashar mota, direba yana ɗaure kaya yana mita. Wata mata rungume da leda tana jira.

"Ƙungiyar ƙasashen maƙwabtan nan ta cika shisshigi. Ba ma cikinta, amma wai sai mun sa ranar zaɓe, mun saki fursunonin siyasa, kafin kayanmu su shiga kasuwarsu."

"Ai an sake su," in ji matar. "Allah ya saka musu da alheri."

"Ke ina ruwanki, baiwar Allah? Kawo ledar in sa a baya."

"A'a, malam, takalman maigidana ne. Ranar da suka tafi da shi, ba su bari ya sa ba. Yau zai fito."

Direba ya saki igiyar, ya buɗe mata ƙofar gaba.