Ƙullin Daddawa Zuwa Malesiya

Ranar Talata aka binne matata Suwaiba. Tun daga nan na rufe littattafai, na koma zaman tashar Tambuwal.

Yau wata tsohuwa 'yar Kebbe ta shinshina jakar wata ɗaliba.

"Ɗiyata, daddawa nika ji. Sai ina?"

"Malesiya, Inna. Jami'a ta tura ni karatun wata fuɗu. Mahaifiyata ta cusa min, amma yar da ita za ni yi, kada a yi min dariya."

"Dariya ake miya da ita? Ungo leda, ninka uku!"

Yarinyar ta tuntsire da dariya, ta karɓa.

Da zan tafi Masar karatu, Suwaiba ma ta ƙulla min. A Kano na yar. Har ta rasu ban gaya mata kewar warin nan ta kusa kashe ni ba.