Ekis ɗin da na zabga wa mai ihu

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Hajiya Rabi ce daga unguwar Sparkbrook, nan ƙasar Turawa.

Mutum biyu suka fafata a zaɓen kansilan unguwarmu: mai ihun wai mu baƙi muka ja aka rufe laburare, da wata dattijuwa 'yar mazan jiya mai cewa a tsuke aljihu a hankali, ban da zagin kowa. Ni dangwale da yatsa na sani a ƙasarmu, kuma a makarantarmu ekis alamar kuskure ce. Na zabga wa mai ihun ekis, na fito ina taƙama. Da na gaya wa 'yata, ta ce, "Umma, ai shi kika zaɓa! A nan da ekis ake zaɓe."

Matan unguwa masu yi mini dariya, ina gaishe ku. Ku gaya wa mai ihun aro na ba shi ƙuri'ata. Zaɓe mai zuwa zan je in karɓi abata.