Ruwan Ƙanƙarar da Muka Zuba wa Koci Pettaway

Shugabar Kwalejin Tallahala, Dakta Vernice Hollins, Magajin Gari, Rabaran Tubbs da dattawan ikilisiya, Mama Odessa, uwargidan marigayi, da 'ya'ya da jikoki, 'yan wasanmu na da da na yanzu: ina gaishe ku, ina mana gaisuwar rashi. Ni ne Cleon Rudd, mataimakin marigayi Koci Lemuel Pettaway a ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafar Amurka tun gashina yana baƙi.

An ce in zo in ƙarfafa muku zuciya. Ku yi haƙuri, ni ma tawa a karye take.

Ya kasance mai faɗa. Wanda bai sha tsawarsa ba a cikinmu bai taɓa sa kwalkwalin wasa ba. Ya kasance in yaro ya faɗi jarrabawa, benci zai zauna, ko da shi ne ƙashin bayan ƙungiya. Ya kasance duk Lahadi yana cika teburin Mama Odessa da ƙattin yara, su cinye mata tarwada da burodin masara, tana mita tana ƙara musu.

Abu ɗaya ya nema a duniyar nan. Kowace Disamba, idan kakar wasa ta ƙare, manyan kwalejoji su tafi wasannin kofi, mu kuwa mu zauna gaban talabijin. Da ya ga yara sun juye wa kocinsu durom ɗin lemo da ƙanƙara don murnar nasara, kamar yadda aka saba, sai ya nuna su da cokali ya ce, "Ranar da tamu ta zo, wanda bai jiƙa ni ba, ba ɗana ba ne."

Bana tamu ta zo. Aka gayyace mu gasar Kofin Tarwada, garin nan ya kwashe kaf ya bi mu, har mai aski ya rufe shago. Muka ci. Kyaftin ɗinmu, Tavion Gaines, wanda Koci ya riƙa kamar ɗan cikinsa, ya ɗaga durom ya juye masa. Mu duka muka yi ihu. Iskar hunturu tana kaɗawa, tsoho ya haura shekara saba'in, na miƙa masa busasshiyar riga, ya ce in kauce masa, ya daɗe yana jiran wannan jiƙon. Haka ya tsaya sharkaf har 'yan badujala suka gama taken makaranta. Tari ya biyo baya, sanyi ya kama masa huhu, daga asibiti bai dawo ba.

Ku dubi kujerar da ke kusa da kofin. Ta Tavion ce, kuma babu kowa a kai. Tun ranar jana'iza ya ajiye kwalkwalinsa ya kulle kansa a ɗaki. Mahaifiyarsa ta ce min abinci yadda ta kai shi haka take ɗauke shi. Masu cewa a shagon aski wai yaron ne ya kashe shi, na ji ku. Ina kuke ranar? Ba ku ne kuka fi kowa tafi ba? Ku ji kunya.

A asibiti Koci ya riƙe hannuna ya ce, "Cleon, ka gaya wa yaron nan, tunda nake ban taɓa jin ɗumi irin na ranar ba." Na je na faɗa wa Tavion ta bayan ƙofa. Sai ya ce, "To, Koci Rudd, me ya sa ya mutu?"

Rabaran, da tambayar nan na juyo gida. Har yanzu tana bi na.

Mama Odessa, na san ba ki iya ambatar sunan yaron ba tukuna, ba kuma wanda ya isa ya ga laifinki. Amma ni na yi lallashi, Rabaran ya yi, mahaifiyarsa ta yi, ƙofar ba ta buɗu ba. Muryarki kaɗai ta rage. Mun binne ɗaya, ina tsoron kada mu rasa na biyu da ransa.

Na gode wa duk wanda ya tako ya zo. Ubangiji ya ba bawansa Lemuel hutawa, ya riƙe Mama Odessa da zuriyarta. Ya Ubangiji, kofin da muka roƙa ka ba mu, ga shi nan, ba mai iya kallonsa. Yanzu yaron muke roƙo. Amin.