Dankalin Bai Zube Ba

A ɗakin jiran likitan ƙashi a birnin Duluth na Amurka, ana tsakiyar hunturu, Torvik ya miƙe ƙafarsa mai filasta, yana satar kallon tsohuwar da ke gefensa da kafaɗa a ɗaure.

"Mama, ke ma ƙanƙarar ce ta kayar da ke?"

"Ita ce. A matakalar coci."

"Ni a ƙofar gidana ta kayar da ni. Amma kafaɗa? Ba ki tokare da hannu ba?"

"Da wane hannun? Kwanon gasasshen dankali nake riƙe da shi, da zafinsa."

"Haba Mama! Ko yaro ya san in santsi ya kwashe ka, jefar da kaya ake yi. Kin ba da ƙashinki saboda dankali?"

Ta harare shi. "Kai, iya bakinka. A ranar ne muka binne ƙawata Solveig, ita ta koya mini girkin nan. Mijinta kuwa tun da ta kwanta ciwo, ko shayi sai an yi da gaske yake sha."

"To, ya zube?"

"Ko cokali ɗaya. Ina kwance, kwanon na kan ƙirjina. Na tashi na kai shi teburin abincin makoki, na zuba wa mutumin da hagu, sannan na ce a kawo ni asibiti."

Torvik ya dubi ƙafarsa.

"Ya ci?"

"Har ya ƙara."

Nas ta leƙo ta kira sunansa. Ko sandarsa bai taɓa ba.

"Fara da Mama," ya ce. "Ni shara na fita zubarwa."