Sashen Aike Suna Taro

A bencin jira na ofishin aika kaya, wata dattijuwa ta zauna kusa da wani saurayi mai kwamfuta a cinya da kwalaye a gabansa.

"Ɗan nan, tun ɗazu yatsunka ba su huta ba. Mece ce sana'ar?"

"Shafukan intanet nake gina wa mutane, Hajiya. A gefe kuma ina sayar da turare, jakunkuna da takalma ta intanet."

"Taura biyu ba ta taunuwa, kai ka cusa huɗu! Ni 'yan intanet sun gasa min aya a hannu. Takalmi na saya wa jikata, jibi za a yaye ta daga makaranta, har yau shiru. Na yi ƙorafi, aka ce an miƙa wa Manaja. Manaja ya ce laifin Sashen Aike ne. Sashen Aike kuma wai suna taro. Shi ne na zo in duba da kaina."

"Wane shago ne?"

"Ga ma tambarinsu a kwalinka. Kai, ga sunana! A can kake aiki?"

"Kusan haka."

"Ku nawa ne a kamfanin?"

Saurayin ya sosa ƙeya. "Hajiya, shafin wani mai otal ne ya lalace, na duƙufa wajen gyara."

"Au, taron ke nan? To Sashen Aike, miƙo min kwalina. Ka gaishe min da Manaja, ka ce ya ƙara ma'aikata."

"Ya ma ji, Hajiya."