Ba Masai Ba Ne, Ni Ne

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Baba Pasto, iyayena mata, 'yan'uwa, ku yi haƙuri in kunka ga ina kallon ƙasa. Kunya ce.

Kun san ni, Bitrus mai gyaran injin ban ruwa. Da rani, in albasa ta kankama, nakan yi sati biyu ko uku a Goronyo ban leƙo Wurno ba. A can na yi abin da bai kamaci mai aure ba, kuma ba sau guda ba. Ran Lahadi kuwa ga ni a sahun gaba, muryata ta hi ta kowa!

Bara waɗansu ƙuraje sunka hito mani a gaba, masu ruwa, da zahi awa an zuba barkono. Su warke, bayan wata biyu su dawo. Na sha jarka uku ta masu maganin sanyi da ke yawo da lasifika ran kasuwa, a banza. Daga baya na tahi asibiti inda ba a san ni ba. Likita ya duba, ya ce sunan ciwon hapis, ta kwanciya aka ɗaukarsa. Ana kwantar da shi da magani, amma ba ya barin jiki.

Ya ce, "Kana da iyali? In ta yi ciki ka kawo ta. Ciwon ga in ya taɓa jariri wajen haihuwa shina iya makantar da shi, ko shi kashe shi."

Na ce to. Na dawo gida na ja bakina na yi gum.

Matata Rahila na da cikin wata bakwai sa'ad da ƙurajen sunka hito mata. Wannan cikin shekara biyar muna roƙonsa. Ta kasa zama, fitsari ma sai da kuka. Kun san abin da mata ka cewa: ciwon sanyi, a masai aka ɗauka. Gidan da muke haya masai guda ne, mu da Inna Hajo mai gidan da jikokinta. Rahila da tsohon ciki ta duƙa ta wanke shi da kananzir da toka, ta hito tana faɗa wai ƙazantarsu ta sa mata ciwo.

Inna Hajo, wadda ke dama mata kunu kullum da sahe, ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Ɗiyata, mi munka yi maki? Ni wagga magana ta yi mani nauyi."

Ina tsaye a wurin, 'yan'uwa! Har na ce, "Gaskiya a riƙa kula da tsabta." Ni na faɗi haka, da bakin nan.

Rahila ta shiga zama cikin ruwan bagaruwa. Ta ce ba ta zuwa asibiti a buɗe ta gaban mutane, a gida za ta haihu, Inna Hajo ma ta san ungozoma. Kowace rana ina lissafin kwanakin da sunka rage ta haihu. Na hi son mutuncina da ran ɗana, gaskiyar ke nan.

Wata rana ina gyaran inji a fadamar wani dattijo wajen Rabah. Da azahar ta yi zai tahi salla, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bitrus, an ce iyalinka ta kusa. Allah shi sauke ta lahiya, shi ba ka mai jin ƙanka."

Ya ba da baya ya tahi. Na durƙusa cikin laka, hannu duk baƙin mai, na ce, "Ya Yesu, ni ne. Ba masai ba ne, ni ne. Ka ɗauke mani tsoron nan, ka bar mani yaron." Na yi kuka har majina. Ban ji murya daga sama ba, amma da na tashi, na bar injin a buɗe na hau babur.

Da na isa gida na gaya wa Rahila duka. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dube ni ta ce, "Kana gani ka bar ni na ci mutuncin tsohuwa a banza." Ta shiga wurin Inna ta durƙusa, ni ma na bi ta na faɗi laifina da bakina.

Washegari munka tahi asibiti, anka tura mu Sakkwato. Sun ɗora ta kan magani. Ranar naƙuda ƙurajen sun sake tasowa, sai anka yi mata aiki anka ciro ɗiya mace. Likitar can ta ce da a gida ta haihu, ita ba ta san abin da za ta ce muna ba.

Haleluya! Ga ta can baya a hannun uwarta, idanunta biyu garau!

Ciwon yana jikina har yau, yana jikin Rahila kuma, ni na sa mata. Ta ce ta yafe, amma har yanzu ba ta dariya da ni awa da, ban kuma ga laihinta ba. Ku sa mu a addu'a.

Na gode wa Ubangiji da ya buɗe bakina tun da sauran lokaci. Ɗan'uwa, in kana ɓoye irin nawa, ka dogara ga Yesu ka je ka faɗa yau. Kunyar ba ta kashe ni ba. Shirun da na yi ne ya kusa kashe mani ɗiya. Amin.